Yadda Na Roƙi Hatsi Anka Ba Ni Zane

Da watan goma ya kama sai in fara ganinku a ƙofar ɗakina. Wannan ta ce, "Inna Zali, ki nemo mini gidan aiki," waccan ta ce ita gidan malamin lakwal, wato makarantar boko, take so, ko na ma'aikacin gwamnati. Na san abin da ke kawo ku. Kun ji ana ba 'yan aiki kyautar bonane a ƙarshen shekara, kuna son ku shiga gida da sanyi ku fita da sanyi, da sabon zane a hammata. A ganinku aikin gida shara ce da wanke kwano, abin da kowace ɗiya mace ta iya tun tana goyon ƙanenta. Tunda Allah ya sa na shiga yaƙi da jahilci da furfurata har hannu ya saba da rubutu, bari in zana muku yadda abin yake, wadda ta iya karatu ta karanta wa saura. Ni dai bakina ya gaji da maimaitawa.

Aikin farko da anka ba ni a garin Tawa wankin tsumman goge ƙasa ne. Na zo daga Takanamat da goyo a baya, maigidana ya tafi bidar kuɗi Abijan kamar sauran mazan garinmu. Gwaggo Ai, ƙanwar babana, ita ke wanki da guga a gidajen ma'aikata, ita ta ɗauke ni. Na zaci ran nan za ta miƙo mini rigar manya. Sai ta zubo mini tsummokara da safar yara, ta ce in ta ga tsumma ya fita ta san abin da za ta ƙara mini. Ɗarin shekarar nan duka a bakin baho na yi shi, hannuna ya tsage kamar ƙasan tabki da rani, ina wanke abin da ba mai sakawa. Gwaggo takan ɗaga tsumma ta duba shi da hasken rana, ta shinshina, ta mayar mini cikin ruwa.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowane da halinshi. Baho biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraya, kuma ba a haɗa su ko da kina sauri. Bula don fararen kaya, ƙanƙane kawai, in hannunki ya yi nauyi sai mai gida ya tafi aiki kamar an tsoma shi a marina. Ƙaro don shadda. Igiyar shanya, wadda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma kafin a ɗora komi. Sannan babbansu, dutsen guga na gawayi, mai ɗan zakaran ƙarfe a baki wanda ke kulle murfin. Ba kowane gawayi ake zuba mashi ba, akwai mai tartsatsi. Toka kuma nesa da kaya ake hure ta, ki juya baya ga iska. Ku da kunka tashi da dutsen lantarki kuna dariya, amma ranar da wuta ta ɗauke, mai gida na tsaye da singileti yana duban agogo, za ku nemi ɗan zakaran nan.

Wandon farko da na goge na wani ma'aikacin gidan waya ne, baƙi, mai kari. Gwaggo ta koya mini a taɓa ƙasan dutse da jiƙaƙƙen yatsa a ji kukanshi. Na taɓa, ya yi kuka mai kyau, na ɗora. Daidai nan goyona ya farka, na juya in gyara majanyi. Da na ɗaga dutsen sai ga hotonshi a mazaunin wando, har da hancin, ba abin da ya ɓace. Gwaggo ta daɗe tana kallo. Ta ce aikin ya fita sarai, abin da ya rage kawai in sa hannu a ƙasa. Mutumin kirki ne, bai kore mu ba, amma daga ranar bai ƙara sa wandon ba sai da doguwar riga, ni kuma na koma kan tsumma har damina.

Yanzu ga maganar da kuke jira. Albashi haƙƙinki ne, wata ya ƙare kina iya tsayawa ki tambaya. Bonane kuwa alheri ne, ba a yi alkawarinshi ba ranar da anka ɗauke ki. Gidajen Musulmi sun fi yin nasu da salla. Gidajen Kirista da na wasu ma'aikata su ke yi tsakanin Nowel, wato Kirsimeti, da sabuwar shekara, su ba mai wanki, mai dafuwa, mai gadi da mai garka, wato mai kula da lambu. Shi ya sa Gwaggo take riƙe gida biyu, ɗaya nan ɗaya can, ta ce kowane biki ya zo yana da sunanta a ciki.

Kuma ba kowane bonane ke ciko hannu ba. Akwai gidan da anka ba ni kalanda mai hoton raƙuma, ni da ban san ko wata nawa anka rubuta a ciki ba lokacin. Na durƙusa na yi godiya, na kai ɗaki na toshe ramin taga da ita. Wani gida sun ba ni takalmin uwar gida mai tsini, na sa shi sau ɗaya zuwa suna, na dawo da shi a hannu. Kome anka ba ki, ƙa'ida ɗaya ce: ki karɓa da hannu biyu, wanshekare ki sake godiyar jiya, in kuma abin sakawa ne ki saka shi mai kyauta ya gani a jikinki. Wadda ta ɓoye kyauta ta rufe wa kanta ƙofar baɗi.

Babbar ƙa'ida ita ce ba a faɗin abin da ake so. Gwaggo ta ce mai roƙon bonane da baki ba ta da kunya, sai dai a nuna. Yadda ake nunawa kuwa ilimi ne, kuma ba yabon kai ba, na zarce malamata. Tun watan sha ɗaya nake ciro tsohon zanena in fara zuwa aiki da shi. Ba yagagge ba, don kar baƙi su ce gidan ba su kula da mutanensu. Koɗaɗɗe dai, mai tsabta, da ɗan faci ɗaya a inda ido zai faɗa in na sunkuya shara. Ba a ƙara ƙwazo a watan ƙarshe, uwar gida ba yarinya ba ce, ta san sharar neman kyauta. Ki yi aikinki yadda kika saba, ki bar facin ya yi magana. Shekara da shekaru facin nan bai taɓa ba ni kunya ba.

Gidan da na fi daɗewa shi ne na Mushe Daniyel, yadda ake kiran maza 'yan boko a nan, da matarshi Madam Rahila. Dukansu malaman lakwal ne, Kirista, mutanen wajen Maradi da aiki ya kawo Tawa. Wankinsu alli ne: alli a aljihu, alli a hannun riga, ga jan alƙalamin gyaran takardu da Mushe ke mantawa a aljihun gaba. Sau ɗaya kawai na jiƙa riga ban lalube ta ba, ranar duk fararen gidan sunka koma ruwan hoda. Madam mace ce mai lura, ba ta da yawan magana. Shekarar farko da na sa mata tsohon zanena ta kalli facin sau ɗaya, Nowel na zuwa sai ga atamfa. Haka baɗi, haka baɗin waccan. Na riƙa jin kaina kamar mai kiwon da ya horar da akuya ta san kiranshi.

A bayan gidan akwai 'yar garka, mai kula da ita wani dattijo ne, Baba Agali, mutumin arewa can bayan Tabaram. Tamashek ne harshenshi, Hausarshi kuma ba ta da kwana, abin da ke ranshi shi ke bakinshi. A cikin ƙasar nan tamu mai duwatsu ya fitar da salati da tumatir da zogale, har da icen lemun tsami ɗaya da yake ji da shi kamar ɗa. Ruwan ɗaurayata na ƙarshe, wanda ba sabulu a ciki, shi nake tara mashi a baho ya zuba wa itatuwa. Shi kuma in ya dafa shayi ya ba ni kofi na uku, ya ce na farko ya fi ƙarfin mutanen Takanamat. Bonanenshi kullum rawani ne, don Mushe ya lura shi ne abin da rana ke cinye mashi.

Sai shekarar da ruwa ya ɗauke hatsi na fitar da kai. Abin da ya tsira fara ta bi ta kanshi. Tun kafin sanyi ya shiga sosai direban motar kasuwa ya kawo mini saƙon innata daga Takanamat: gindin rumbu ya bayyana, ba abin da ya rage sai damman iri da ta rataye a ɗakinta. Ga ƙannena da ɗiyansu a gidan. In ba a samu buhu ba kafin shekara ta juya, za su sauke irin su daka. Ku 'yan birni ba ku san nauyin wannan ba. Wanda ya ci irinshi ya ƙoshi kwana kaɗan, damina ta zo ya tsaya bakin gona yana kallon na mutane. Kuma irin Inna na gidanmu ne tun kakanni, mai saurin nuna, wanda ya san ƙasarmu. Daga Abijan shiru. Albashina kuwa in na cire haya da bakin yara bai kai ko wuyan buhu ba, ga hatsi ya yi tsadar da ban taɓa gani ba.

Ba abin da ya rage mini sai bonane. Na ce a raina bana ba zane nake so ba, hatsi nake so. Matsalar ita ce duk iliminmu na nuni a kan tufafi ya tsaya. Gwaggo ba ta taɓa koya mini yadda ake nuna buhu ba, ga shi ta riga mu gidan gaskiya.

Na fara da taga. Da rana in Madam ta dawo daga lakwal tana hutawa, sai in kai bahona ƙarƙashin tagarta in riƙa ba Baba Agali labarin tsadar tiyar hatsi da ƙarfi, shi yana can cikin tumatir bai tambaye ni ba. Madam ta ji sarai. Ta fito ta ce na kyauta da na tuna mata, ta aiki Mushe ya ƙaro wa gidan buhu kafin ya ƙara tashi. Ni na share inda anka jingine shi.

Na sake dabara. Ranar da anka auna hatsin kai wa inji, na durƙusa gabanta ina tsince ƙwayoyin da sunka zube ɗaya ɗaya, ina huci kamar mai ciwo. Ta kira 'ya'yanta mata ta ce su zo su ga yadda ake tattali, su yi koyi da Zali.

Ta uku ita ta fi muni. Na daina cin abincin rana a gidan, in ƙulle shi a leda a gabanta in ce zan kai gida. Kwana biyu haka sai ta taɓa goshina, ta duba idona, ta ce na rame. Wanshekare ta ɗora ni bayan babur ɗin Mushe zuwa likita, anka ba ni maganin tsutsar ciki. Na sha, don kyauta ce.

Duk wannan fama da nake, abin da ban lura ba shi ne jikina. Zannuwana masu kyau na riga na aika su ƙauye an musanya da 'yan tiyoyi tun kaka. Abin da ya rage mini shi ne tsohon nan mai faci, shi nake sawa kullum, bana ba don dabara ba. Facin ma ya haihu, ya zama uku.

Baba Agali kuwa, wata safiya Mushe na tada babur, sai ya aje gwangwanin ban-ruwa ya tare shi. Ina jinshi daga bakin igiya. Ya ce, "Mushe, bana kar ka saya mini rawani. Wanga bai mutu ba. Ka ba ni hatsi, mutanena na jin yunwa." Mushe ya ce to, ya wuce. Ni kunya ta kama ni a madadinshi har na ɓuya bayan zanen gado. Da yamma na ce mashi, Baba, ai ba a yin haka, ka zubar da girmanka. Ya ce girman nashi ya duba shi da kyau, ba ya dakuwa a turmi.

Ana saura kwanaki Nowel Madam ta kira ni ɗaki. A tsakar gida na wuce buhun Baba Agali a jingine. Ta miƙo mini ƙunshi tana murmushi, ta ce ta ga halin da zanena yake ciki bana, abin ya dame ta. Na buɗe. Atamfa ce irin wadda ban taɓa riƙewa ba sai a wanki, shuɗiya mai zanen ganye, turmi guda cif. Ta ce irinta ta yanka wa kanta da 'ya'yanta, anko za mu yi ranar sabuwar shekara, ni ma 'yar gida ce. Na durƙusa na karɓa da hannu biyu. Na horar da ita shekara da shekaru, ga shi ta ci jarrabawa.

Na kai turmin ɗaki na zauna ina kallonshi. Kuɗinshi zai yi buhu. Sayar da kyauta abin kunya ne, wannan na sani, amma irin Inna na rataye yana jiran tabarya. Na ce in sayar, ranar anko in aiko cewa zazzaɓi ya kada ni, abin da zai biyo baya Allah ya sani. Sai na yi wayon da nake ganin ya fi kowane. Dillaliyar unguwarmu ta san ni, ta san inda nake aiki, na ji tsoron bakinta. Na ratsa gari zuwa can wata unguwa na samu wata Hajiya Kulu da ba ta taɓa ganina ba. Na ce mata tsarabar Abijan ce, ta kai shi gidan masu hali ta sayar da wuri. Ban gaya mata ƙofar da za ta kauce wa ba, don faɗin ƙofar shi ne tona kaina.

Ashe uwar Mushe za ta zo daga Maradi yin biki, Madam ta koma kanti neman ƙarin atamfar ta tarar ta ƙare, ta bar sallahu a kasuwa duk wanda ya ga irinta ya kawo. Dillalai kuwa kunnensu ya fi na kowa.

Wanshekare da hantsi ina tsakar gida, hannuna cikin kumfa har gwiwa, na ji sallama. Na ɗaga kai sai ga Hajiya Kulu da ƙunshi a ka. Na sunkuya har hancina na taɓa ruwa. Madam ta fito, anka shimfiɗa tabarma, anka kwance ƙunshi. Ta yi murna, ta ce ita ce kuwa, a ina anka samo? Hajiya ta fara ba ta labarin Abijan, tana cikin yi idonta ya faɗo kaina.

"A'a, ikon Allah. Ai ga mai shi nan ma. Baiwar Allah, taso ku yi cinikinku baki da baki, kin hutar da ni."

Kumfa dai na ji tana fashewa a hannuna. Madam ta dubi turmin, ta dube ni. Daga gindin lemun tsami Baba Agali, yana tsiyaya shayi bai ko ɗago ba, ya ce, "Madam, hatsi take so. Uwarta za ta ci iri. Tun watan jiya take gaya wa tumatir ɗina."

Madam ta ce in wanke hannu in zo. Na zo na tsuguna a gefen tabarma. Ba ta ɗaga murya ba, ba halinta ba ne.

"Zali, duk zaman da munka yi da ke, ba ki da baki?"

Na ce, "Madam, ai na nuna."

Ta ce, "Zane kika nuna mini. Zane na gani."

Daga nan anka shiga ciniki mafi ban kunya da anka taɓa yi a Tawa. Hajiya Kulu ta sa suna, ni na ce na sallama tun ba ta rufe baki ba, don in samu in koma bayan baho. Madam ta ce a'a, ita ta saye shi da farko, ta san abin da ta biya, ba za a cuci mai kaya a gidanta ba. Mai saye na ƙara kuɗi, mai sayarwa na roƙon a rage. Hajiya ta ce tun da ta fara dillanci ba ta taɓa ganin irin wannan ba, ta karɓi la'adarta ta fita tana dariya, na san kuma kafin azahar labarin ya riga ta isa kasuwa.

Kuɗin bai ma shiga hannuna ba. Mushe na dawowa Madam ta ba shi, ya tafi inda ya saya wa Baba Agali nashi, ya ɗauro buhu ya kai tasha da kanshi. Na zaci magana ta ƙare, turmi ya zama na uwar Mushe. Sai bayan la'asar Madam ta yafa mayafi ta ce in biyo ta. Ta kai ni wurin tela, ta sa ya auna ni, ta tsaya a kanshi har almakashi ya ratsa atamfar. Ta ce tsohuwa za a nemo mata wata, wannan tawa ce, kuma yanzu da ta yanku tana son ta ga dillaliyar da za ta karɓe ta. Ragowar ƙyallen tela ya ba ni a hannu, na ɗankwali.

Direban ya dawo kafin shekara ta ƙare. Ya ce buhu ya isa, dami ɗaya kawai sunka riga sunka sauke, saura na nan a rataye. Amma Inna ta ba shi wani saƙon. Ta ce labarin zanen da anka saya sau biyu ya riga buhun isa Takanamat, mata na ta zuwa tambayarta kalarshi, ita kuwa ba ta gani ba. In aiko mata da ɗankwalin.

Na aika. Ranar sabuwar shekara mai hoto ya zo, munka jera gaban garka, Madam da 'ya'yanta kowa da ɗaurinta shuɗi mai ganye, ni a ƙarshen layi da sabuwar riga da zane da tsohon kallabi ruwan ƙasa. Madam ta kalli kaina, ta buɗe baki za ta yi tambaya. Wannan karon ban jira ba, na gaya mata da bakina.

Ruwan farko ya sauka da wuri a shekarar da ta biyo. Waɗanda sunka je sun ce Inna da ɗankwalin a kanta ta yi shuka.